Wane Magani Yake Sha?

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, daga Bichi zuwa Kunchi da Tsanyawa, ciwon cikin yaro ba abin tada hankali ba ne. Da kaka a ce ɗanyar gyaɗa ya ci a gona. Da bazara a ce zafi ne, ko ruwan rijiyar da ta ja baya. Da damina a ɗora wa ɗanyen ganye. Uwa ta san abin yi tun kafin maigida ya dawo daga gona: ta jiƙa 'yar kanwa, ko ta miƙa wa yayansa kuɗi ya ruga kemis. Galibi kafin la'asar ciwon ya lafa, yaro ya koma cikin 'yan'uwansa.

Sai dai akwai wani ciwon cikin da ba ya jin kanwa. Daga ƙahon zuci yake kamawa, saman cibiya, wani lokaci ya ratsa har gadon baya. Yaro ya dunƙule wuri ɗaya, ya haɗa gwiwa da ƙirji, ya ƙi yarda a kwantar da shi rigingine. Ko kurɓar ruwa ya yi sai ya dawo da shi. A kawo koko ya kau da kai, in an matsa masa ya sha, ciwon ya ƙara murɗawa. Kwana ɗaya, kwana biyu, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, fitsari ya ragu. Likitoci na kiran wannan kumburin fankiriyas na farat ɗaya. Abin da ya sa na ɗauko zancensa shi ne, cikin yaran da yake kamawa akwai kaso mai tsoka waɗanda sanadin ciwon nasu yana nan a ɗakin uwarsu, a kan kanta ko cikin kwalla, an adana shi da kyau, ana ba su shi safe da dare bisa umarnin likita.

Tsokar da ke cin kanta

Fankiriyas suna ne na aro. Wasu kan kira ta saifa, alhali saifa daban take, tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ita wannan wata tsoka ce mai laushi, doguwa, tana kwance a bayan tumbi, tsawonta a jikin babba kusan santimita 15. Aiki biyu take yi. Ita ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, wanda rashinsa ke kawo ciwon suga. Ita kuma ke tsiyayo wani ruwa mai kaifi, fiye da lita ɗaya a rana a jikin babba, ta zuba shi cikin hanji don narkar da nama da mai da tsaba.

Ruwan da zai narkar da tsokar rago ai zai iya narkar da tsokar mutum. Shi ya sa Allah Ya tsara sinadaran su fito a kulle, kamar ashana cikin kwalinta, ba sa kamawa sai sun isa hanji. Idan wani abu ya ƙyasta su tun suna gida, sai tsokar ta fara cin kanta. Wannan shi ne ciwon. Wani likita a birnin Boston na Amurka, Reginald Fitz, ya bayyana kamanninsa a 1889, sannan a 1896 Hans Chiari ya nuna cewa narkewar kai ce ke faruwa.

An daɗe ana ɗauka ciwon manya ne, na mashaya giya da masu tsakuwa a matsarmama. Yanzu an san yana kama yara ma. A ƙasashen da ke riƙe da lissafi, kamar Amurka, ana kiyasta yaro 1 cikin 10,000 a shekara. Wurin da yara suka bambanta da manya shi ne sanadi. A manya, magani bai kai kashi 5 cikin 100 na musabbabin ciwon ba. A yara kuwa, binciken asibitoci daban-daban ya nuna daga kusan kashi 10 har zuwa kusan kashi 25.

Kwalbar farfaɗiya

Maganin da ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne balfurowet, na farfaɗiya. A kwali za a ga an rubuta Epilim, ko wani suna mai ɗauke da harufan "val". A Faransa aka gano yana hana jijjiga, a farkon shekarun 1960, aka fara sayar da shi a can a 1967, Amurka ta amince da shi a 1978. Shekara ɗaya bayan nan, a 1979, rahotannin farko suka fito na yaran da fankiriyas ɗinsu ta kumbura suna cikin shansa. A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a takardar da ke cikin kwalinsa: ciwon ciki, tashin zuciya, amai ko ƙin cin abinci a wurin mai shan wannan magani abu ne da ke bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Takardar ta kuma bayyana cewa ciwon yakan zo jim kaɗan da fara sha, yakan kuma zo bayan shekaru. Ba sai an wuce ƙima ba. Yaron da ake auna wa daidai da cokalin da likita ya ce, shi ma yana iya kamuwa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Balfurowet magani ne mai kyau, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mafi yawan masu shansa ba za su taɓa ganin wannan matsala ba. Hukumar ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun sami magani. A ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samu. Yaron da ya sami Epilim a ƙauyenmu, mai sa'a ne. Duk wanda ya taɓa ganin tabon wuta a hannun yarinyar da ta faɗa murhu ya san abin da maganin ke karewa.

To, mu ɗauki misali, ba na wani gida takamaimai ba, na yadda abin kan kasance. Yaro ɗan shekara bakwai ya tsallake sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi da farfaɗiya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Da abin ya ƙi, aka sayar da akuya aka kai shi Kano. Likita ya rubuta magani, ya ja kunnen uban: kada a kuskura a tsallake ko sau ɗaya. Faɗuwa ta tsaya. Gida ya yi hamdala. Bayan wata huɗu, wani dare, yaro ya kwana riƙe da ciki.

Da safe uban ya tsaya a kemis ɗin bakin kasuwa.

"Malam, yaron wajena ne ba ya jin daɗin cikinsa tun jiya, ga amai."

"Subhanallahi. Da zazzaɓi?"

"Kaɗan-kaɗan dai."

"Taifot ce, da 'yar olsa. Bari a haɗa masa."

Aka haɗa: fari biyu, ja ɗaya, mai ruwan ɗorawa ɗaya, aka ƙulle a leda. Mai kemis bai tambayi ko yaron na shan wani magani ba. Uban ma bai faɗa ba, kuma yana da dalilinsa. Farfaɗiya ciwo ce da ake ɓoyewa. Har yanzu akwai masu ganin ana ɗaukarta ta yawun mai ita, abin da ba gaskiya ba ne, kuma gidan da aka san da ita yakan ji a jikinsa ranar da aka zo neman auren 'ya'yansa mata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu magana, sai uban ya haɗiye. Da dare ya yi, uwa ta ɗauko kwalbar nan ta auna, ta lallashi yaron ya sha, ya amayar, ta sake aunawa, don likita ya ce kada a tsallake.

Nan ne abin ke da ban tausayi. Babu sakaci a gidan nan. Biyayya ce ga umarnin da aka ba da rabinsa. An gaya musu kada su daina, ba a gaya musu alamar da in sun gani za su dawo da gudu ba.

Abin ya fi tsanani ga yaran da ba sa iya magana. Da yawa cikin masu shan wannan magani yara ne da suka sami taɓuwar ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa, saboda doguwar naƙuda ko shawarar jarirai da ba a kula da ita ba. Irin wannan yaro ba zai nuna ƙahon zuci ya ce nan ne ba. Kuka kawai zai yi, ya ƙi abinci, ya yi ta amai, a ce halinsa ne ya motsa.

Me ya kamata gidan su yi? Amsar tana da kaifi biyu. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya, a zauna a gida, yana iya tada jijjigar da ba ta yankewa, wadda ita kanta tana kisa. A ci gaba da bayarwa a zauna a gida, shi ma ganganci ne. Kuskuren a duka biyun shi ne zaman gidan. A ranar za a tafi asibiti, da kwalbar a hannu. Idan gwaji ya tabbatar, likita zai janye balfurowet ya maye gurbinsa da wani, don akwai wasu: fenobabiton, kabamazefin, lebetirasetam. Kuma yaron da maganin ya taɓa yi wa haka, ba a sake mayar da shi kansa, domin ciwon yakan dawo.

Kemis na kusa, ɗakin gwaji na nesa

Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a suka yi yawa, gona na manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu, da taki da toka ake riƙe ta, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakiya. Yawan jama'ar nan da ya sa babu saurar gona, shi ya sa kuma babu ƙauyen kirki da ba shi da kemis. Ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta, ban da shaguna, ga masu talla da faranti a ka, rana na dukan ƙwayoyi tun hantsi.

Ba zan shiga sahun masu zagin mai kemis ba. Shi ne ke buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare, shi ne ke ba da bashi har a sayar da wake. Amma lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na gano cuta ba, kuma haɗin da yake ƙullawa a leda ba shi da suna. Idan yaro ya kai asibiti aka tambayi uwa me aka ba shi, iyakarta ta ce "wani fari da wani ja". Likita ba boka ba ne.

Tabbatar da wannan ciwo kuwa ba wuya gare shi ba a takarda. Abu biyu cikin uku ake nema: ciwon ciki mai irin wannan kama, hauhawar sinadarin amiles ko lifes a jini har ninki uku na ƙa'ida, ko hoton ciki da ya nuna kumburin. Wuyar tana wajen isa ga gwajin. Ƙaramin asibitin mazaɓa ba a tanade shi don irin wannan ba. Sai babban asibiti, wani lokaci sai an dangana da birni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko asibitin yara na Hasiya Bayero. Tafiyar awa ɗaya ce ko fiye ga wanda ke bakin titin Daura ko na Katsina. Ga wanda ke cikin lungu da damina, sai an fara neman mai babur.

Akwai wani ɗan bayani da ya kamata ma'aikatan lafiyar karkara su riƙe. Amiles, wanda ya fi sauƙin samu, yakan sauka ya koma daidai cikin kwana 3 zuwa 5. Lifes yakan zauna a sama mako ɗaya zuwa biyu. Yaron birni da aka kai a daren farko, kowanne aka gwada zai iya nunawa. Yaron Kunchi da ya iso rana ta biyar, bayan kanwa da haɗin kemis da jiran kuɗin mota, amiles ɗinsa na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Jinkirin talaka har sakamakon gwaji yake canjawa.

Shi ma likitan yana da uzurinsa. A wannan yanki, yaro mai taurin ciki da zazzaɓi da amai, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne taifot da ta huda hanji, ko zazzaɓin cizon sauro, ko rikicin sikila. Daidai ne a fara tunaninsu, don su suka fi yawa kuma suna kisa da sauri. Amma a wurare da dama a duniya an sha buɗe cikin yaro ana neman hujin hanji, sai a tarar fankiriyas ce. Tambaya ɗaya tak, wadda ba ta cin ko kwabo, kan iya juya tunanin likita: wane magani yake sha?

Sauran 'yan layi

Na biyu a suna shi ne asfarajinas, allurar sankarar jini ta yara. Labarinta ya fara a 1953, lokacin da wani mai bincike a Amurka, John Kidd, ya lura jinin ɓeran Masar na narkar da ƙari a jikin ɓeraye. Yau tana cikin ginshiƙan da suka sa kusan yara 9 cikin 10 masu wannan sankara ke warkewa a ƙasashe masu arziki. Tana kumbura fankiriyas a tsakanin kashi 2 zuwa 18 cikin 100 na masu karɓarta, gwargwadon tsarin da aka bi. Likitocin sankara sun san da haka, suna sa ido. Haɗarin a wurinmu shi ne ciwon yakan taso kwanaki bayan allurar, wato bayan an sallami yaro ya koma ƙauye, inda babu wanda ya san sunan abin da aka yi masa.

Sai firednisolon da deksametason, waɗanda ake ba masu asma da masu ciwon ƙodar da ke kumbura jiki. Masana na jayayya kan ko su kaɗai na iya haddasa ciwon, ko kuwa cutar da ake ba da su dominta ce ke da laifi. Abin da ba jayayya a kansa shi ne yadda muke wasa da su. Deksa na cikin abin da ake kira sha-ka-fashe, ana sayensa ba takarda don a yi ƙiba, har akan ba yaro ramamme don ya murmure. Kumburin da yake kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Akwai kuma azatayofirin da 'yan'uwansa, da Septrin, da Flagyl da muke sha kamar gyaɗa da zarar ciki ya juya, da farasitamol in an zarce ƙima, abin da kan faru idan aka haɗa wa yaro ruwan magani iri uku kowanne da farasitamol a ciki. A waɗannan na ƙarshe abin ba kasafai yake faruwa ba. Amma maganin da ba a bukatarsa tun farko, ko ƙanƙanin haɗarinsa asara ce.

Ba kowane kumburin fankiriyas ne na magani ba, kuma karkara na da nata sanadin. Hangum na kawo shi, ga shi rigakafinsa ba ya cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta. Bugu a saman ciki na kawo shi: kan keke, harbin jaki, tunkuyin san huɗa. Tsutsar ciki kan shige bututun fankiriyas ta toshe. Masu sikila kan yi tsakuwa a matsarmama tun suna ƙanana. Sai fiya-fiya da maganin feshin da ake ajiyewa a gorar lemo a bayan rumbu, inda hannun yaro ke kaiwa.

Tsumma da maciji

Rubuta irin wannan a Kano sai da taka-tsantsan, domin garin na da tabo. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da IDH. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a jihar har tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da guba, ya kashe yara 84 a Najeriya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba laifinsa ba ne. Amma ya kamata a rarrabe. Gwaji a kan yaran mutane ba da cikakken izini ba abu ne daban. Maganin da aka zuba wa guba a masana'anta abu ne daban. Abin da muke magana a kai shi ne na uku: ingantaccen magani, daga hannun likita na gari, a ƙa'idar da ta dace, wanda jikin wani yaro ɗaya cikin masu yawa ya ƙi. Ba makirci ba ne, ba kuma jabu ba ne. Ko da an kwashe duk jabun da ke ƙasar nan, ko da komawar 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 ta cika duk burin da aka ɗora mata, wannan nau'in zai ci gaba da faruwa, kamar yadda yake faruwa a Landan da Jidda. Bambancin shi ne a can uwa na fita daga asibiti da sanin alamar da za ta dawo da ita.

Ina ganin ɓoye wa iyaye illar magani don kada su tsorata shi ne babban kuskuren da ma'aikatan lafiya ke yi a nan. Uwar da aka gaya wa gaskiya tun farko, in abu ya faru asibiti za ta koma. Wadda aka ɓoye wa, ranar da ta gano da kanta ta bar asibiti ke nan, ita da maƙwabtanta da dangin mijinta.

A gadon asibiti

Babu wata allura guda da ke kashe wannan ciwo. Abin da ake yi shi ne a cire sanadin, a tallafi jiki har tsokar ta huce. Ƙarin ruwa tun da wuri shi ne kan gaba, domin ruwan jiki na tsiyayewa cikin kumburin, ƙoda na iya tsayawa. Sai maganin kashe raɗaɗi, har mai ƙarfi in ta kama, don ciwon ba na wasa ba ne. A da akan hana mara lafiya abinci kwana da kwanaki. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cikin yara ta Arewacin Amurka ta fitar a 2018 ta ce a fara ba yaro abinci cikin kwana 2 zuwa 3 in zai iya, domin hakan na gaggauta sauƙi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a bukatarsa sai an ga alamar ruɓewa. Mafi yawan yara kan warke cikin kusan mako ɗaya, su koma gida garau. Kaɗan ne abin ke tsananta musu: wani sashe na tsokar ya mutu, ko ruwa ya taru ya yi jaka a ciki, ko huhu da ƙoda su taɓu. A cikin waɗannan ake rasa rai, kuma jinkiri ne babban abokinsu.

Saura abu ɗaya da kusan kullum ake mantawa bayan sallama, wato kai rahoto. Tun 2004 Najeriya ke cikin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na bin diddigin illar magunguna, mai cibiya a Uppsala ta ƙasar Suwidin. NAFDAC na da takarda mai ruwan ɗorawa da ake cikewa, kuma tun 2020 akwai manhajar waya mai suna Med Safety. Ba likita kaɗai ke da ikon cikewa ba, ma'aikaciyar jinya da mai kemis da uban yaro duk suna iya yi. Wani zai ce takarda ce kawai. Amma da irin wannan tara bayani ne aka tabbatar da illar didanosin da istabudin, tsofaffin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki da aka sha ba yara da manya a ƙasar nan, waɗanda kumburin fankiriyas na cikin laifinsu. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ƙa'idarta cewa a janye istabudin, yau kuma yaran da ke karɓar magani a Kano ba su san shi ba.

Abin da ya rage wa hukuma ba mai tsada ba ne. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta tabbatar ana gwajin lifes a manyan asibitoci irin na Ɗambatta da Bichi, kada sai an shiga birni. Duk yaron da aka ɗora kan maganin dogon zango a ba shi kati mai sunan maganin, da alamun haɗari a rubuce da Hausa, da boko da ajami, don a ƙauye mai karanta ajami bai yi ƙaranci ba. Ƙungiyar masu kemis ta sa 'ya'yanta su riƙa rubuta sunan abin da suka ƙulla a leda, su kuma riƙa tambaya kafin su haɗa.

Ku kuma iyaye, idan yaronku na shan maganin farfaɗiya, ko na sankara, ko wani na kullum, sai ya kama ciwon saman ciki da amai da ƙin abinci, kada ku kwana da shi a gida. Ku tattara duk abin da ya sha cikin wata guda, kwalba da kwali da ƙullin kemis, har da sauran jiƙon gargajiya, ku zuba a leda ɗaya ku tafi da ita. Ko likita bai tambaya ba, ku ajiye masa a kan tebur.